Mai Fuska Ashirin

A Oulu, a ƙasan bene, daura da ɗakin wankan tururi,
akwai wani ɗaki da ake jibge kekuna in sanyi ya kama.
Nan muke haɗuwa ran Alhamis, mu biyar,
duhu ya rufa tun ƙarfe uku,
ƙanƙara na narkewa daga takalmanmu tana bin siminti.

Jarno ne mai riƙe da duniya.
Yakan kafa kwali a tsaye ya ɓoye takardunsa,
ya ce, "Kun iso bakin gari. Ƙofa a garƙame.
Kwana uku ba a ji carar zakara ba.
Me za ku yi?"

Me za ku yi.
A makaranta ana tambayata abin da aka riga aka yi,
a gida ana tambayata abin da ban yi ba.
Wannan kam sabuwa ce.

Ilpo ya zama mayaƙi, shi da iska ke kayarwa.
Marjut boka. Tapsa kuwa, duk abin da ya rage.
Ni na ƙera Ulpu, ɓarauniyar ƙararrawa,
gajera, mai tabo a haɓa, mai tsoron awaki,
ba ta biyan bashi sai ga matattu.
Ni da ba na sayen burodi ban yi in'ina ba,
da bakinta na taya sarkin fatalwa ciniki
har ya sallama.

Alƙalinmu ƙwayar lido ce mai fuska ashirin, ruwan toka,
ba sani ba sabo.

Daren ƙarshe, ba mu san shi ne na ƙarshe ba.
Ulpu ta ɗaura igiya ta zura cikin rijiya.
Na jefa. Ɗaya.
Jarno ya ce, "Igiya ta fara tsinkewa,"
sai uwarsa ta ƙwala kira daga saman matakala.
Daga nan jarrabawa.
Daga nan su Ilpo suka yi ƙaura,
Jarno ya tafi aikin soja, Marjut ta yi saurayi.

Shekara talatin ina ƙirga ƙwayoyi a kantin magani,
na haifi 'ya, na raka ta tashar jirgin ƙasa da akwati biyu.
Da na dawo gidan ya yi mini faɗi,
sai na shiga buɗe abin da bai kamata ba.
A gwangwanin biskit na tarar da takardar Ulpu,
fensir ya dushe, magogi ya huda wajen da muke rubuta jininta.
Ashe tun ranar tana rataye.
Ba wanda ya jawo ta, ba wanda ya sake ta.

Na kira Jarno. Yana awon filaye a Kokkola, kansa ya yi sanƙo.
Na ce, "Me ke cikin rijiyar?"
Ya yi dariya har da tari.
"Ban sani ba, Outi. Ban taɓa sani ba.
Bayan kwalin nan rabin takardun farare ne.
Fuskokinku nake kallo."

Na daɗe riƙe da wayar bayan ya kashe.

Shafin farko bai yi kyau ba, na goma ma haka.
Teburin ya yi shiru da yawa:
babu Ilpo da zai katse ni, babu Tapsa da zai ce ƙarya ne.
Dole na ari muryoyinsu, ni kaɗai na zama mu biyar,
ni ce mai tambaya, ni ce mai rawar hannu.

Na so in jawo ta sama. Sau bakwai ina gwadawa,
labarin na mutuwa a bakin rijiya.
Ran nan na ɗauko ƙwayar na dube ta,
ban ma jefa ba, ai ta riga ta yi magana.
Na bar igiyar ta tsinke.

Yau ina shafi na ɗari biyu da sha ɗaya.
Kofi ya huce, motar share ƙanƙara ta wuce sau biyu.
Ulpu na can ƙasa, ruwa iya gwiwa, ƙararrawa a hammata,
kuma wani abu na tahowa cikin duhu.

Ina jin akuya ce.